Jiragen Yawon Shan Iska da Guguwar Teku

A yamma da Afirka, can ƙetaren Tekun Atlantika, akwai wani teku mai tsibirai da yawa, ana ce da shi Karibiyan. Kowace shekara manyan jiragen ruwa su kan kwashi masu yawon shan iska daga Amurka, su zaga da su tsibiran nan har kwana bakwai ko fiye, sa'an nan su komo da su gida. Tun kafin a tashi an rubuta ranar da za a sauka kowane tsibiri. Amma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba wannan tsari ba shi da tabbas, gama lokacin guguwar teku ke nan.

Da yawa cikin guguwoyin nan daga Afirka ta Yamma su ke farawa. Hadarin damina da ke tasowa daga gabas ya kan ratsa ƙasa har ya faɗa teku. In ya tarar da ruwa mai ɗumi sai ya ƙasaita, ya shiga juyawa, har iskarsa ta wuce mil 74 a awa. Sanin yadda jirgi zai kauce mata bai samu a rana ɗaya ba, sai da aka yi hasarar rayuka masu yawa.

Cikin shekara ta 1502 Kolumbus ya iso Santo Domingo da jirage huɗu. Ya ga alamun da bai yarda da su ba a sama da kuma cikin ruwa, sabo da haka ya aika wa Gwamna Ovando yana roƙo a bar shi ya fake, ya kuma ba da shawara kada a saki ayarin jirage wajen talatin da ke shirin tafiya Sifen. Gwamna ya hana shi shiga, ya kuma sallami ayarin. Ba su yi nisa ba guguwa ta auka musu. Yawancin jiragen suka nutse, mutum wajen 500 suka halaka, guda ɗaya kaɗai ya kai Sifen. Shi kuwa Kolumbus ya raɓa da gaɓar tsibirin, jiragensa huɗu duka suka tsira.

Har bayan shekara ɗari uku matuƙa ba su san ainihin halin guguwar ba. Cikin 1821 wani Ba'amurke, William Redfield, ya bi ta inda guguwa ta wuce a lardin Connecticut. Ya lura itatuwan wani wuri sun faɗi suna fuskantar wani sashi, na wani wurin kuwa sun faɗi akasin haka. Daga nan ya gane iskar kewaya ta ke yi, ya buga bayaninsa cikin 1831. Cikin 1848 kuma Henry Piddington, wani Bature mazaunin Kalkata ta ƙasar Indiya, ya wallafa littafi domin matuƙa. Tun daga zamanin nan aka koya wa kyaftin cewa a arewacin duniya, in ya ba iska baya, to, cibiyar guguwa tana hagunsa. Aka kuma gane gefenta na dama ya fi hatsari, domin a nan ne ƙarfin juyawarta ya ke haɗuwa da na tafiyarta.

Saura kuma samun labari da wuri. Cikin Satumba 1875 wani limamin Kirista, Benito Viñes, ya buga gargaɗi a jaridun Habana ta tsibirin Kuba tun guguwa ba ta iso ba. Bayan haka wayar iska ta zo, jirgin da ke tsakiyar teku ya iya jin abin da ke gabansa. Cikin 1943 aka fara kutsawa cikin guguwa da jirgin sama da gangan, cikin 1960 kuma Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗauko hoton gajimare. Yanzu akwai babban ofis a Mayami wanda ke bin sawun kowace guguwa, yana faɗin inda a ke zaton za ta bi har kwana biyar gaba.

Abin da ya ba jiragen zamani dama shi ne gudu. Ko da ya ke iskar guguwa tana da tsanani, ita kanta a hankali ta ke tafiya, sau da yawa mil 10 zuwa 15 a awa. Babban jirgin fasinja kuwa ya kan yi wajen mil 25. Sabo da haka in aka ji tana nufo tsibiran gabas, sai kyaftin ya juya yamma, ya nufi Jamaika ko Kozumel ta ƙasar Meksiko. Wani lokaci ya tsallake tsibiri ɗaya, wani lokaci ya fara da inda a da za a ƙare. Fasinja ba shi da ikon hanawa, gama sharaɗin yana rubuce cikin yarjejeniyar tikitinsa.

Amma fa hasashe ba alkawari ba ne. Cikin Oktoba 1998 guguwar da aka sa wa suna Mitch ta taso a yammacin Karibiyan. A lokacin akwai wani tsohon jirgin yawo, Fantome, yana wajen, ga shi ba shi da gudu. Aka kai fasinjojinsa birnin Beliz, aka sauke su duka lafiya. Sa'an nan kyaftin ya fita da jirgin, da su da shi mutum 31, domin kada guguwa ta same shi a tasha ta farfasa. Masu hasashe sun ce arewa maso yamma za ta bi, shi ya sa ya nufi kudu, ya fake a bayan tsibirin Rowatan na ƙasar Honduras. Sai guguwa ta karkata kudu, ta tarar da su. Ran 27 ga wata aka ji muryarsu ta ƙarshe. Ba wanda ya tsira, sai rigunan ceto da tarkace aka tsinta a ruwa. Fasinjojin da aka katse wa yawo, su ne suka koma gida.

Wani zubin kuma tashar da za a koma ita ce ke cikin hatsari. Cikin Agusta 2017 guguwar Harvey ta auka wa jihar Texas, aka rufe tashar Galveston. Jirage huɗu ɗauke da mutum wajen 20,000 suka rasa hanyar komawa. Waɗansu suka nufi New Orleans, guda ya tafi Mayami, inda masu gaggawa suka sauka suka nemi hanyar gida. Mutane sun yi hasarar kwanaki da kuɗi, waɗansu sun yi gunaguni, amma ba jirgin da ya nutse.

Tsakanin Ovando da kyaftin na yau akwai shekara fiye da 500. An sami wayar iska, an sami tauraron ɗan'adam, an ƙera jirage na ƙarfe masu girma kamar unguwa guda. Duk da haka ba a ƙera wanda zai yi jayayya da guguwa ba. Abin da ilmi ya ƙara wa matuƙa shi ne su san lokacin kaucewa da inda za su kauce. Kyaftin da ya bar tsarin tafiya domin ya tsirar da mutanensa ya bi maganar magabata, da suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.