Daga Majigi Zuwa Sinima: Farkon Rayuwar Adamu Halilu da Fim ɗin Shehu Umar

Duk mai nazarin tarihin fim a ƙasar Hausa zai tarar cewa tun kafin a fara finafinan bidiyo a Kano a 1990, akwai waɗanda suka share fage. Jigo a cikinsu shi ne Adamu Halilu, wanda aka haifa a 1936 a Garkiɗa ta ƙasar Adamawa, garin da Bura suka fi yawa a cikinsa.

Ya yi karatun rubuta labarin fim da tace hotuna a Landan, amma makarantarsa ta haƙiƙa ita ce sashen majigi na Gwamnatin Jihar Arewa. A wancan zamani mota ce ke bin ƙauyuka da injin haska hoto, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi bayan sallar isha'i, a nuna wa talakawa noman auduga da tsabtar gida da amfanin asibiti. Manufar ita ce wayar da kai. A nan Halilu ya shirya gajerun finafinai masu yawa, ya kuma naƙalci abin da littafi ba ya koyarwa: ɗan kallon da bai iya karatu ba, da kunne yake bin labari, don haka dole magana ta fita sarai, kuma kada hoto ya yi gaggawa.

Wannan horo ne ya bayyana a babban aikinsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shehu Umar, aka buga shi a 1934. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad, suka mayar da shi wasan daɓe. Halilu ya mayar da labarin fim a 1976, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shehun. Labarin yaro ne da aka sace aka kai ƙasar Larabawa, da uwarsa wadda ta ratsa hamada nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Fim ɗin ya fi sa'a biyu, yana tafiya sannu a hankali. Wasu na ganin haka aibi ne, alhali kuwa tafiyar ayari ba ta gudu.

Abin da ya fi shafar masana harshe shi ne, a bikin FESTAC na 1977 Nijeriya ta gabatar da kanta ga duniya da fim mai magana da Hausa. Bayan haka Halilu ya yi Kanta na Kebbi a 1978, ya kuma shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979.

Ya rasu a 2001, a lokacin da ake zaton Shehu Umar ya salwanta. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar hukumar, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara su, aka sake haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018.