Lasisin Baba: gida ɗaya, jihohi uku

1/ Jiya ina kwashe takardu daga tsohon akwatin Baba na ci karo da lasisinsa na tuƙi. Adireshi: Mashi, Jihar Kaduna. Ƙanena ya ce kuskure ne. To ba kuskure ba ne, ku biyo ni.

2/ Baba bai taɓa barin Mashi ba, adireshin ne ya yi ta ƙaura. A 1967 Gowon ya sa mu cikin Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976, zamanin Murtala, ta koma Kaduna. Ranar 23 ga Satumba 1987 Babangida ya yanke mana Katsina. Baba ya ce duk tsawon nan ba wanda ya tsayar da shi kan adireshi.

3/ Lokacin kowace jiha da irin lasisinta. In an ƙwace na direba a nan, sai ya tsallaka wata jiha ya yo sabo. Sai a 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, Wole Soyinka na shugabanta (eh, marubucin nan), aka nufi lasisi na bai-ɗaya. A 2011 aka fito da mai zanen yatsu. Yau kuma sai da NIN.

4/ A Ingila in ka sauya gida ba ka sanar da hukumarsu DVLA ba, tara na iya kai fam 1,000. Can tara da sammaci duk ta wasiƙa suke zuwa, in ba a san ƙofarka ba doka ba ta same ka ba.

5/ Mu kuwa adireshinmu "bayan masallacin Juma'a" ne, hukuncinmu a bakin titi. Tuƙi ba lasisi mai rai, tarar naira 10,000. Ni dai duk tsayar da ni da aka yi, ranar mutuwar katin ake dubawa.

6/ Shi ya sa na yi sakaci. Nawa har yanzu ɗakin hayar da na bari a Kano yake nunawa. Bara na yi haɗari a hanyar Katsina zuwa Daura, waya ta fashe, ban san inda kaina yake ba. Bayin Allah suka ga katin, suka kama cigiya a Kano. Inna tana nan Mashi, kusa da inda abin ya faru, ba ta ji ba sai washegari.

7/ Wata mai zuwa zan sabunta. Na riga na tambayi mai unguwa sunan layinmu na ainihi, shi ma sai da ya yi ɗan tunani.