Bitar Malaman Kwaleji a Kudancin Jigawa: Buƙatar Dasa Horo a Cikin Makaranta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake sabunta ilimin malaman manyan makarantu a yankin Birnin Kudu da Gwaram ta fuska uku: dabarun koyarwa, fasahar zamani, da lafiyar malami. Matsayarta ita ce, bitar kwana biyu ko uku ba ta sauya koyarwa sai an yi ta a cikin kwalejin, an kuma ci gaba da bibiyarta.

Gabatarwa

Birnin Kudu tsohuwar cibiyar ilimi ce. Kwalejin Gwamnati ta garin ta daɗe tana yaye ɗalibai kafin a cire Jigawa daga Jihar Kano a 1991, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote. A yau garin yana da Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta jiha, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Matasan Gwaram da Buji da kewaye, in ba nan suka nufa ba, sai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ko Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, ko Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ke nan ungozomar da za ta karɓi haihuwa a Basirka da malamin da zai riƙe aji a Sara, duk daga hannun malaman waɗannan makarantu suke fitowa. Don haka ingancin horon da malamin kwaleji yake samu magana ce ta rayuwar talakan yankin.

Inda kuɗin horo yake

Babbar madogarar horar da malaman manyan makarantu a Nijeriya ita ce TETFund. Asusun ya samo asali daga harajin ilimi na 1993, dokar 2011 ta taƙaita shi ga ilimi mai zurfi, kuma daga ribar kamfanoni ake tara kuɗinsa. Yana biyan karatun digiri na biyu da na uku, da halartar tarukan ƙara wa juna sani. Sai dai dokar ta keɓe rabon ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Makarantun jinya da na kimiyyar lafiya, waɗanda su ne suka fi kusa da mutanen Birnin Kudu da Gwaram, sun dogara da kasafin jiha da taimakon ƙungiyoyi.

Irin wannan taimako shi ne shirin Women for Health da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Arewa, har da Jigawa. Shirin ya gano cewa ba za a ƙara yawan mata ma'aikatan lafiya ba sai an ƙara yawan malamansu da ƙwarewarsu, domin hukumar kula da aikin jinya tana ƙayyade gurbin ɗalibai bisa yawan malamai da kayan aiki. Darasin a fili yake, amma shirin ƙungiya yana da wa'adi, buƙatar horo kuwa ba ta ƙarewa.

Koyarwa da bibiya

Yadda aka saba, akan kira malamai kaɗan zuwa otal a Dutse ko Kano ko Kaduna, a yi jawabai, a raba takardar shaida da alawus, kowa ya kama gabansa. Malami ya dawo ya tarar da ajinsa yadda ya bar shi: ɗalibai sun cika maƙil, manhaja ba ta ƙare ba, jarrabawa ta ƙarato. Sai ya koma karanto lakca ɗalibai suna kwafa. Tun cikin shekarun 1980 masana ilimi biyu na Amurka, Bruce Joyce da Beverly Showers, suka nuna cewa malaman da suka ji bayanin sabuwar dabara kawai, kaɗan ne ke aiki da ita. Akasari sai sun gwada ta a aji, abokin aiki ya zauna ya gani, sun tattauna, sannan ta zauna musu.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru: malamai mata da ake kira jaji sukan zo wurinta daga ƙauyuka tare da ɗalibansu, su ɗauki karatu, su koma su koyar, su sake dawowa. Ƙarfin tsarin yana cikin wannan kai-komo. Abin da ya dace da kwalejojinmu ke nan: zama na sa'o'i biyu kowane mako biyu a cikin sashe, malami ɗaya ya gabatar da darasin da zai koyar, sauran su shiga ajinsa, a dawo a yi gyara cikin mutunci. Ga malamin jinya, wannan ya haɗa da yadda ake tsayawa kan ɗaliba a gefen gadon majinyaci har hannunta ya faɗa.

Fasaha daidai da hali

Rufe makarantu a Maris 2020 saboda annobar korona ya nuna yadda koyarwa ta intanet ta yi wa yawancin makarantun gwamnati nisa. Jigawa ba ta makara a wannan fage ba, domin tana da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure tun farkon shekarun 2000. Matsalar ita ce bitar da ake shiryawa kamar kowane malami yana da wuta tsayayya da data mai yalwa. Horon da zai yi amfani a Gwaram shi ne wanda ya fara daga wayar da ke hannun ɗalibi: yadda ake naɗar gajeren bayani da murya a tura ta WhatsApp, yadda ake adana littattafai a karanta ba tare da intanet ba, da yadda malami zai tantance aikin da ɗalibi ya yi da kansa yanzu da manhajoji irin su ChatGPT suka shigo. Sola a ɗakin karatu ta fi tarin kwamfutocin da ba a kunnawa.

Lafiyar malami

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar da ke cinye ma'aikaci a matsayin abin da yanayin aiki yake haifarwa. Wannan ya mayar da nauyin kan hukumar makaranta. Lakcar sa'a ɗaya kan hawan jini ba za ta amfani malamin da ke duba ɗaruruwan takardun jarrabawa, yana zirga-zirga tsakanin Birnin Kudu da iyalinsa a wani gari ba. Kula da lafiyarsa yana nufin raba darussa bisa adalci, ba da hutun shekara a kan kari, awon jini da sukari a asibitin da ke kusa, da wurin reno ga malamai mata masu shayarwa.

Wani zai ce fita bita tana haɗa malami da takwarorinsa na wasu jihohi, kuma alawus yana rage masa raɗaɗin tsadar rayuwa. Gaskiya ne, kuma ba a ce a daina ba. Amma gyaran albashi hakki ne mai zaman kansa, kuma idan aka jingina shi ga bita, zaɓen masu tafiya sai ya koma na alfarma.

Kammalawa

Abu uku ne maƙalar take ba da shawara. Gwamnatin Jigawa ta ware kaso tsayayye na horar da malamai a kasafin kowace kwaleji, musamman waɗanda ba sa cikin rabon TETFund. Kowace kwaleji ta kafa ƙaramin sashen inganta koyarwa, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Tarayya ta Dutse. Sannan wajen ƙarin girma a riƙa duba abin da malami ya sauya a ajinsa, da shaidar abokan aiki da ta ɗalibai, maimakon ƙirga takardun halarta. Biyu daga cikin ukun nan shugaban kwaleji da majalisar malamansa za su iya fara su a zangon karatu mai zuwa.