Batir: yadda yake tsufa da yadda ake kula da shi

Batir rumbu ne na wutar lantarki. Ana zuba masa wuta lokacin da take akwai, domin a ɗiba lokacin da babu. A jihohin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, cikin yankin Maraɗi, garuruwa da yawa ba su da wutar NIGELEC. Da hasken rana da batir ake haska ɗakin haihuwa, ake cajin waya, ake sanyaya allurar rigakafi. Ko manyan garuruwan da ke samun wuta ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa sun ga amfanin batir a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar har zuwa farkon 2024.

Abin da ke cikin batir

Batirin da aka fi amfani da shi shi ne na dalma. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. A cikinsa akwai fallayen dalma da aka jiƙa a ruwa mai asid. Batir mai bolt 12 yana da ɗakuna 6, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2. Idan ɗaki guda ya lalace, batirin duka ya raunana.

Batir ba ya mutuwa farat ɗaya. A hankali yake tsufa, kuma ba a ganin tsufansa da ido. Yana iya kunna fitila da magariba, amma ya gaza kafin asuba.

Darasi daga tashoshin nukiliya

Nijar ba ta da tashar nukiliya, amma tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, wanda irin waɗannan tashoshi ke aiki da shi a ƙasashen waje. A kowace tasha akwai ɗaki cike da manyan batura na dalma. Aikinsu shi ne su riƙe na'urorin tsaro idan kowace wuta ta ɗauke. Suna iya yin shekaru ba a nemi taimakonsu ba, amma ana duba su bisa ƙa'ida, ana rubuta abin da aka gani. Lokaci lokaci ana ɗora musu nauyi da gangan, a ga ko za su jure. Idan abin da batir ke riƙewa ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na asali, ana sauya shi, ko da yana aiki.

A ranar 11 ga Maris 2011, igiyar teku ta mamaye tashar Fukushima a Japan. Janareto suka mutu, ruwa ya shiga ɗakunan wasu batura, sauran kuma suka ƙare. Sai da ma'aikata suka ciro batura daga motoci domin su karanta na'urorin awo. Mutane fiye da 100,000 suka bar gidajensu. A can ruwa ne ya yi ɓarnar, amma darasin ɗaya ne da namu: ranar da aka dogara da batir, ranar nan babu wani abin dogaro a bayansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abubuwa huɗu da ke tsofar da batir

Na farko zafi. An tsara batirin dalma ya yi aiki a awon zafi 25. Duk ƙarin awo 8 zuwa 10 a kan wannan yana rage rabin kwanansa. A ƙasar Maraɗi zafin Afrilu da Mayu yana wuce 40, cikin ɗakin kwano kuwa ya fi haka.

Na biyu tatsewa. Idan ana shanye wutar batir ƙarƙaf kowane dare, fallayensa suna saurin lalacewa. Kada a ɗibi fiye da rabi.

Na uku zama babu caji. Batirin da ya yi kwanaki bai cika ba yana yin wani farin gishiri a kan fallayensa, wanda ke taurara ya hana shi karɓar wuta. Wannan yana yawan faruwa lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta rufe farantin hasken rana.

Na huɗu ƙarancin ruwa. Caji da zafi suna rage ruwan batir. Sashen fallen da ya fito daga ruwa ya lalace ke nan.

Abin da ya kamata ku yi

Ku ajiye batir a inuwa, wurin da iska ke shiga, a kan katako. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano.

Ku share farantin hasken rana da tsumma mai laushi kowane mako, da sassafe.

Ku duba ruwan batir sau ɗaya a wata. Idan ya ragu, ku ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa domin batir. Kada ku zuba ruwan rijiya, kada ku ƙara asid. Batirin da aka rufe ruf daga masana'anta ba a buɗe shi.

Ku goge kan batir inda wayoyi suke, ku ɗaure su tam, ku shafa ɗan basilin.

Kada ku tsallake na'urar daidaita caji ku haɗa waya kai tsaye. Kada ku haɗa sabon batir da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

Ku auna batir da mita bayan ya huta sa'o'i kaɗan. Cikakke yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya nuna 12.2, saura kusan rabi. Ku rubuta adadin da kwanan wata a littafi. Littafin ne zai nuna muku tsufan da ido ba ya gani.

Kada ku kusantar da wuta ko taba, domin batir yana fitar da iska mai fashewa lokacin caji.

A gidan likita

Yawancin allurar rigakafi ana ajiye ta tsakanin awo 2 da 8. Idan batirin firiji ya gaza, allura na iya lalacewa ba tare da kamanninta sun sauya ba. Shi ya sa aka ƙera firijin da ke daskarar da ƙanƙara da rana ya riƙe sanyi da dare, ba tare da batir ba. Inda ake da batir, kwamitin kula da gidan likita ya riƙa ware kuɗin sabo tun daga ranar da aka sa na yanzu.

Idan batir ya mutu

Dalma guba ce, musamman ga yara. A unguwar Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Kada ku fasa batir a gida, kada ku zubar da ruwansa kusa da rijiya ko gona. Ku mayar da shi a rufe ga mai sayarwa, sa'an nan ku wanke hannu da sabulu.