Aksolotil: Dabbar da Ta Cika Tankunan Duniya, Tana Ƙarewa a Gida

Yau Meziko muka nufa.

Wataƙila kun taɓa ganin aksolotil a wasan Minecraft ko a TikTok: 'yar dabbar ruwa, dangin kwaɗi, mai rassa uku a kowane gefen kai kamar gashin tsuntsu. Da waɗannan rassan take shaƙar iska a cikin ruwa. Asalinta tafkunan kwarin Meziko ne, inda Aztek suka kafa birninsu a 1325. Sunan ma daga harshensu ya fito.

Bayan Sifaniyawa sun ci birnin a 1521, ambaliya ta dame su, sai suka fara janye ruwan tafkunan a 1607. Aikin ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Yau abin da ya rage wa aksolotil shi ne magudanan ruwan Sochimilko, a kudancin birnin Meziko.

A 1864 aka kai wasu Paris. Can suka hayayyafa, zuriyarsu ta bazu cikin ɗakunan bincike, saboda dabbar kan sake tsiro da ƙafa in ta guntule. Daga baya kiwonta ya shiga gidajen mutane.

To, masu kiwon ne suka san irin lalurarta. Ruwan sanyi take so, digiri 16 zuwa 18. In ya yi ɗumi, iskar cikinsa ta ragu. In kashinta da ragowar abinci suka taru, sai su zama amoniya, ita kuwa ƙona rassan numfashin take yi har gashinsu ya zube. Sinadarin kulorin na ruwan famfo ma haka. Shi ya sa mai kiwo, in ya ga rassan sun motse ko sun lanƙwasa gaba, ruwan yake fara aunawa.

Yanzu ku auna Sochimilko da wannan ma'aunin. Ruwan da aka tace daga masai yana shiga, takin gonaki yana shiga. Sannan aka zuba kifin kap da karfasa, e, karfasar nan tamu ta Afirka, don mutane su samu abinci, su kuma suka dinga cinye ƙwai da 'ya'yanta. Ƙidayar 1998 ta samu kusan 6,000 a kowace murabba'in kilomita. Ta 2014 ta samu 36.

A 2021 Meziko ta sa hotonta a takardar peso 50, amma hoto ba ya gyara ruwa. Aikin gaske yana wurin masana jami'ar UNAM da manoman yankin, waɗanda ke tare bakin magudanai da matata don karfasa ta kasa shiga, ruwan kuma ya yi tsabta. Manomi ya samu ruwan ban-ruwa mai kyau, dabbar ta samu mafaka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku tura wa abokai.