Likita da Hanyar Mirriya

Kilomita 18 ne kacal tsakanin Mirriya da birnin Damagaram, amma sai da aka yi zamanai kafin likita ya zo ya zauna a wajenmu. Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, likitansu na soja ne, lafiyar bariki ce a gabansa. Talaka yana nan da wanzaminsa da maɗori da ungozoma. A 1918 aka buɗe makarantar likitoci a Dakar, ita kaɗai ga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, kuma duk wanda ya fito, hukuma ce ke cewa ga inda za shi. Nijar tana can ƙurya, rabonta kaɗan. Da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ɗan abin da ke akwai ma ya fara karkata yamma.

Bayan ƴancin kai na 1960, gwamnati ta ga likitoci ba za su isa ba, sai ta koma horar da ƴan agajin ƙauye da ungozomomi. Kakata tana cikinsu. Akwatinta na magani na rataye a ɗaki, abin da ya fi ƙarfinta sai majo, wato babban ma'aikacin jinya, abin da ya fi ƙarfin majo sai mota zuwa babban asibitin Damagaram, in an samu motar.

Sai cikin shekarun 1970 jami'ar Yamai ta fara horar da likitoci na gida. To amma wanda ya yi shekara bakwai yana karatu a Yamai, ya yi aure can, ga asibitoci masu zaman kansu na neman sa da yamma, takardar tura shi daji ba ta cika zaunar da shi ba. Ni ban ga laifinsa sosai ba. Ɗakunan shan magani da Shugaba Tandja ya baza a ƙauyuka sun kawo gini kusa, likita kuwa shiru. A Mirriya, tun 2009 ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka kama wajen jinyar yara masu tamowa.

Yanzu jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, tana koyar da likitanci. Ya kamata hukuma ta ɗauki ɗalibanta aiki da zarar sun gama, ta ba su gida da kayan aiki a Mirriya da Matamaye da Magarya tun kafin Yamai ta janye su.