Masu Aikin Sa-kai a Kwamitocin Ɗa'ar Lafiya na Amurka: Daga Seattle Zuwa Oregon

A ƙasar Amurka akwai wasu ƙungiyoyi da ba sa neman riba, waɗanda aikinsu shi ne jin ta bakin jama'ar gari a kan tambayoyin da ilimin likitanci ke haifarwa amma ba ya iya amsa su shi kaɗai, kamar wanda ya kamata a fara bai wa magani idan maganin ya yi ƙaranci, da lokacin da ya halatta a cire wa majiyyaci na'urar numfashi, da sharuɗɗan gwada sabon magani a jikin ɗan Adam. Wannan fanni shi ake kira ɗa'ar aikin lafiya, wato nazarin abin da ya dace da wanda bai dace ba a mu'amalar likita da majiyyaci da al'umma. Ragamar irin waɗannan ƙungiyoyi tana hannun kwamitin amintattu, wato mutanen da ba a biyan su albashi, waɗanda doka ta ɗora wa alhakin tsare dukiyar ƙungiya da fifita manufarta a kan buƙatun kansu, kuma da yawansu lauyoyi ne da malaman makaranta da malaman addini da 'yan kasuwa waɗanda ba su taɓa karanta likitanci ba. Al'adar damƙa wa irin waɗannan mutane amanar rai ba ta daɗe ba, domin tushenta bai wuce farkon shekarun 1960 ba, kuma tarihinta ya nuna cewa ikon da ke hannunsu ya yi ta raguwa, aikinsu ya yi ta fitowa fili, amma tambayar ko wa suke wakilta ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Mafarin al'amarin wata 'yar ƙaramar fasaha ce da ta ɓullo a birnin Seattle na jihar Washington. Kafin shekarar 1960, wankin ƙoda, wato tace dattin jini da na'ura a madadin ƙodar da ta daina aiki, yana amfanar wanda ƙodarsa ta tsaya na ɗan lokaci ne kawai, saboda kowane wanki sai an yanka jijiya, jijiyoyin da za a iya amfani da su kuwa ƙididdigaggu ne. A watan Maris na shekarar 1960, Dakta Belding Scribner na Jami'ar Washington tare da injiniya Wayne Quinton suka ƙera wani lanƙwasasshen bututu na robar Teflon, wadda jini ba ya saurin daskarewa a jikinta, aka dasa shi a hannun majiyyaci yadda zai haɗa jijiyar da ke fito da jini da wadda ke mayar da shi, ta yadda za a buɗe shi a jona da na'ura, a kuma rufe shi bayan an gama. Mutum na farko da aka yi wa wannan aiki, Clyde Shields, makanike a kamfanin jiragen sama na Boeing, ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Sai dai lokacin da aka buɗe cibiyar wankin ƙoda ta Seattle a watan Janairun 1962, a ƙarƙashin ginin masaukin ma'aikatan jinya na asibitin Swedish, gadaje uku kacal gare ta, kuɗin kula da mutum ɗaya ya kai dubban daloli a shekara, masu buƙata kuma sun ninka guraben da ake da su, duk wanda bai samu gurbi ba kuwa ajali ne ke jiransa.

Likitocin sun ga cewa iliminsu zai iya tantance wanda jikinsa zai ɗauki wankin, amma ba zai iya fifita wani rai a kan wani ba idan dukkansu sun cancanta, saboda haka ƙungiyar likitocin gundumar King ta naɗa kwamitin mutum bakwai masu aikin sa-kai: lauya, da limamin coci, da ma'aikacin banki, da wata matar aure, da jami'in gwamnatin jiha, da shugaban ƙungiyar ƙwadago, da likitan tiyata. An ɓoye sunayensu don kada a matsa musu lamba, su ma ba a gaya musu sunayen majiyyata, sai dai a ajiye musu takardun bayani bayan likitoci sun riga sun cire yara ƙanana da waɗanda suka haura shekara 45. Da yake babu wata ƙa'ida da aka ba su, su da kansu suka tsara ma'auninsu, inda suka taƙaita gurabe ga mazauna jihar Washington, sannan suka riƙa duba shekarun mutum, da ko yana da aure, da yawan waɗanda yake ciyarwa, da abin da yake samu, da zurfin karatunsa, da sana'arsa, da amfanin da ake sa ran al'umma za ta samu daga gare shi.

'Yar jarida Shana Alexander ce ta fito da labarin a mujallar Life ta ranar 9 ga Nuwamban 1962, tare da hoton 'yan kwamitin a zaune cikin inuwa yadda ba a gane fuskokinsu, kuma tun daga nan jama'a suka laƙaba musu suna mai nuna cewa sun shiga hurumin Ubangiji. Suka mafi nauyi ta zo a shekarar 1968 daga David Sanders da Jesse Dukeminier, waɗanda suka nuna a wata mujallar nazarin shari'a cewa ma'aunin amfanin mutum ga al'umma ya karkata ga masu kama da 'yan kwamitin, wato magidanci mai aikin albashi da ke zuwa coci kuma yake hidimar unguwa, yayin da gwauro da matalauci da mai ra'ayin da ya saɓa wa na jama'a suke komawa baya. Ba a zargi mutanen bakwai da cin hanci ko mugun nufi ba. Abin da ya fito fili shi ne mutumin kirki ma, idan aka bar shi ya yi awo a ɓoye, da mudun gidansu zai auna. Majalisar dokokin Amurka ta kawar da matsalar ta hanyar kuɗi a shekarar 1972, lokacin da ta sanya wankin ƙoda cikin shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya mai suna Medicare, dokar da ta fara aiki a watan Yulin 1973.

A wannan shekara ta 1972 ne kuma asirin binciken Tuskegee ya tonu, inda hukumar lafiya ta gwamnati ta shafe shekara arba'in tana bin diddigin baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere a jihar Alabama ba tare da yi musu magani ba, har bayan da fenisilin ya samu. Dokar bincike ta 1974 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun wajabta kafa kwamitin tantance bincike mai aƙalla mutum biyar, wanda dole a samu wanda ba masanin kimiyya ba a cikinsa, da kuma wanda ba shi da alaƙa da cibiyar da ke binciken. A shekarar 1976 kotun ƙolin jihar New Jersey, a shari'ar Karen Ann Quinlan, matashiyar da ta faɗa doguwar suma iyayenta suka nemi a cire mata na'urar numfashi, ta ba da shawarar a riƙa tuntuɓar kwamitin ɗa'a na asibiti. Wani bincike da wata hukumar shugaban ƙasa ta wallafa a 1983 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na asibitoci ne ke da irin wannan kwamiti, amma bayan hukumar tantance asibitoci ta sharɗanta samar da hanyar warware matsalolin ɗa'a a 1992, sai ya zama ruwan dare. Bambancin kwamitocin ɗa'a na asibiti da na Seattle shi ne shawara suke bayarwa, hukunci kuwa yana hannun majiyyaci da iyalinsa da likitansa.

Mataki na gaba shi ne fitar da muhawarar daga asibiti zuwa zauren gari, kuma a jihar Oregon aka fi yin fice da hakan. A farkon shekarun 1980 likitan ƙwaƙwalwa Ralph Crawshaw da masanin ɗa'a Michael Garland suka jagoranci kafa ƙungiyar Oregon Health Decisions, wadda ta horar da masu aikin sa-kai su riƙa shirya tarukan jin ra'ayi a garuruwa. Muhimmancinta ya bayyana bayan shekarar 1987, lokacin da majalisar jihar ta daina biyan kuɗin dashen wasu sassan jiki a ƙarƙashin Medicaid, wato shirin lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, sannan wani yaro ɗan shekara bakwai mai sankarar jini, Coby Howard, ya rasu ana tsakiyar tara masa kuɗin dashen ɓargo. Shugaban majalisar dattawan jihar, John Kitzhaber, wanda shi ma likita ne, ya jagoranci dokar 1989 da ta kafa hukumar mutum goma sha ɗaya don jera cututtuka da magungunansu bisa muhimmanci, ta yadda gwamnati za ta ja layi a inda kuɗinta ya ƙare, a kuma shigar da ƙarin matalauta cikin shirin.

Jerin farko da aka fitar a 1990 ta hanyar lissafin tsada da amfani ya jawo dariya da fushi, domin ya ɗora gyaran haƙori a sama da tiyatar cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan yi kisa idan aka yi jinkiri. Hukumar ta jingine shi ta koma ga abin da ƙungiyar Oregon Health Decisions ta tattaro a taruka 47 da mutum fiye da dubu suka halarta, inda jama'a suka fifita rigakafi da ingancin rayuwa da adalci, aka fitar da sabon jeri mai layi 709 a 1991, wanda gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa da shi a 1992 bisa hujjar tauye haƙƙin naƙasassu, kafin ta amince da gyararren tsari a 1993, shirin ya fara aiki a 1994. Duk da cewa komai a bainar jama'a aka yi shi, ƙididdigar mahalarta tarukan ta nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku ma'aikatan lafiya ne, galibinsu masu ilimin jami'a, matalautan da layin zai hau kansu kuwa 'yan ƙalilan ne suka zo. Cutar Seattle ce ta sake dawowa da sabuwar riga, tunda mai lokacin zuwa taro kyauta yawanci shi ne wanda cikinsa ya ƙoshi.

Wannan tarihi ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye a shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, amma daga baya ya bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne bayan gwajin aka sanya mata tsohon kwanan wata, kuma shari'ar gwamnatin jihar Kano ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 a 2009. Kundin ƙa'idojin binciken lafiya da Najeriya ta fitar a 2007 ya tanadi kujerar wanda ba masanin kimiyya ba a kwamitocin tantance bincike, wadda asalinta ke komawa ga darussan da aka ambata.

Saboda haka ne ƙungiyoyin ɗa'a na al'umma a yau suke wallafa sunayen amintattunsu, suke ƙayyade wa'adin zamansu, suke wajabta musu bayyana duk wata alaƙar kuɗi da asibiti ko kamfanin magani, suke kuma neman wakilci daga majiyyata da naƙasassu da tsirarun ƙabilu da mabiya addinai daban-daban. Kowace ɗaya daga waɗannan ƙa'idoji martani ce ga wani kuskure da aka taɓa yi. Abin da ƙa'ida ba ta iya samarwa shi ne lokaci da kuɗin mota da ƙarfin halin yin magana a gaban likitoci, kuma matuƙar aikin na sa-kai ne, kujerar za ta fi sauƙin hawa ga mai hali. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fiye da shekara sittin bayan zaman mutum bakwai na Seattle, babban aikin da ke gaban waɗannan kwamitoci shi ne shigo da mai ɗakin cikin zaure kafin a yanke shawarar gyaran rufin.